Askin Fata a Ɗakin 'Yan Tsaki

Ni ba son kaji nake ba. Har gobe in na ji warin kashinsu raina ɓaci yake. Tarin maigidana ne ya jefa ni kiwo.

Shekara da shekaru yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa, a kan injin da ke aske fata bayan an tsuma ta a sinadari ta koma shuɗiya. Tarin ya fara kamar wasa, har ya kai in ya taso masa sai ya dafa bango. A gabana likita ya ce masa ya bar wurin nan. Malam ya yi murmushi ya ce to. A hanya na ce, "Malam, wannan to ɗin taka ta yaushe ce?" Ya ce, "Ki nuna mini abin da za mu ci, gobe in ajiye musu aikinsu."

Na kuwa riƙe shi da maganar. Na sayar da keken ɗinkina na sayo 'yan tsaki kwali biyu, irin na nama, waɗanda za su isa yanka kafin Babbar Sallah. Muka yi alkawari, in wannan zubin ya tashi zan sake zuba wani, shi kuma ya bar Challawa ya riƙa kai kajin kasuwa.

Maƙwabciyata ce ta koya mini, wata 'yar kudancin Kaduna da mijinta ke gadi a Sharada. Muka share ɗan ɗakin da ke jikin zaure, muka kewaye tsakiyarsa da kwali, muka girke tukunyar ƙasa cike da garwashi a kan bulo. Lantarki ba a maganarsa, mu dai namu jin rurin janareton kamfanoni daga nesa. Ta ce, "Kar ki tambayi kowa, su za su gaya miki. In sun cure a jikin tukunya, sanyi suke ji. In sun gudu jikin kwali suna haki, wuta ta yi yawa. In sun bazu kowa na harkar gabansa, je ki yi wankinki."

Na zama baiwar tukunyar nan. Ko tuwo nake tuƙawa sai na ajiye muciya na leƙa. Malam in ya dawo da yamma sai ya tsuguna a bakin ƙofa yana kallon su, ya ce, "Sannunku da aiki, masu sallamata daga Challawa." In na harare shi ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Shimfiɗa ce ta fara ba ni wahala. Damina ta zauna sosai, dusar katakon da ke ƙarƙashinsu ta jiƙe, ga su da ɓarin ruwa. Ɗan tsako kuwa in cikinsa ya kwanta a kan danshi, ko wutar duniya ka hura masa sanyi zai kama shi. Na je 'yan katako, tasu ma ruwa ya dake ta. Na yi ta mita a gida, don ni ba na iya haɗiye abu.

Rannan sai ga Malam da buhu a bayan keke, bakinsa har kunne. Askin fata ne, abin da injinsa ke zubarwa tsibi-tsibi, wanda kamfani ke neman mai kwashewa. Ya ce, "Taɓa ki ji. Busasshe ne, ga ɗumi. Mu ma a kai muke kishingiɗa in an tashi cin abinci." Na taɓa, laushi kamar auduga. Warinsa kuwa warin rigar Malam ne, hancina ya daɗe da daina jin sa. Maƙwabciyata ta tafi garinsu jana'iza, babu wanda zan tambaya, kuma ban ga abin tambaya ba. Tare muka shimfiɗa, yana ta murna yau shi ma ya sa hannu a kiwon.

Na ga suna tsattsagar abin, na ɗauka wasa ne. Sai suka rage cin abinci. Sai fukafukai suka saki. Suka cure a jikin tukunya alhali ɗakin ni kaina gumi nake. Na ƙara gawayi, na zuba magani a ruwa, na yi addu'a. Kullum da safe da bokiti nake shiga in kwashe matattu.

Ranar da maƙwabciyata ta dawo, a bakin ƙofa ta tsaya tana kallon ƙasa. Ta ce in ba ta reza. Ta ɗauki guda a bokitin ta tsaga. Ƙundunsa da hanjinsa cunkushe da shuɗin abin nan, ko ƙwayar abinci babu. Ta ce, "'Yar'uwa, wa ya ba ki wannan?" Na ce Malam. Ba ta ƙara komai ba sai sannu. Muka kwashe shimfiɗar muka share, amma waɗanda suka rage ko kwando ba su cika ba, su ma a tsumbure suka tsaya.

Da Malam ya dawo na ajiye masa tsagaggen ɗan tsakon a faranti, na buɗe baki. Na ambaci kekena, na ambaci gawayi, na ce ya ɗauko mini guba a bayan keke yana washe haƙora. Ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya ce, "Kwana nawa suka yi a kai?"

Na ce, "Ko mako ba su cika ba."

Ya gyaɗa kai. "Ni tun kafin a haifi babbar 'yarmu."

Ɗan tsako ana tsaga shi da reza a ga abin da ya ci. Ƙirjin Malam sai dai in zauna kusa in saurara. Haushin da na ji a lokacin har yau bai sake ni ba, kuma ba nasa ba ne. Na masu kamfanin ne, da suka san abin da ke cikin askin nan, suke raba wa baƙi takunkumi in sun zo zagaye, su bar magidanta suna cin abinci a kai.

Ashe tuni ya gaya wa shugaban sashensu cewa daga Sallah ya gama. Washegari sai da ya shirya da wuri, don ya je ya janye maganarsa kafin a ba wani injin. Ya fito da keke, ya laluba aljihu, ya ce, "Ina hankicina?" Wanda yake ɗaurewa a hanci ke nan. Na wanke shi da asuba, ruwan wankin na nan a roba ban zubar ba, launinsa ɗaya da abin da muka gani a faranti. Shi ma ya kalli robar, ya kau da kai.

Hankicin bai gama bushewa ba. Na cire shi daga igiya, na miƙa masa da hannuna.