Abin da Ɗana Ya Binne a Bayan Ɗaki

A shekarun da bam ke tashi a Jimeta, kunnena ya zame mini ciwo. Ni ba mai fita ba ce, amma daga tsakar gidanmu a Limawa ba abin da ba na ji. Wata safiya ina tankaɗe, na ji ɗana mai karatun duwatsu a jami'a yana waya a zaure: "Na binne ta, girgiza kawai muke jira."

Rariya ta suɓuce mini. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta, kuma lokacin magana kaɗan ta isa a zo a tafi da yaro.

Na ja shi ɗaki. "Me ka binne mini a gida?"

"Haba Dada, na'ura ce mai sauraron motsin ƙasa. Abin da ta ji muna tarawa a intanet, malamai su ga yadda duwatsun ƙarƙashinmu ke sauya girgizar da ta taso daga nesa."

Ya buɗe kwamfuta, ya ce in buga taɓarya a turmi. Ina bugawa, wani layi ya yi tsalle.

Hankalina bai kwanta ba. Na sa aka kira jauron unguwa da maƙwabta, na yi ta daka a gabansu. Jauro ya ce, "Ashe ke ce girgizar ƙasar!"

Suka tafi suna dariya. Ni dai na hana shi cewa "binne". Har ya gama karatu "shuka" yake cewa, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi.