Agogon Mahaifin Lothar

Duk wanda ya taɓa barin lema a jirgin ƙasa a unguwarmu ta Wedding da ke Yammacin Berlin ya san Frau Irmgard Pohl. Shekara talatin ta yi a ofishin kayan tsintuwa na tasha, 'yar firit da ita, ga baki kamar reza. Mu 'yan unguwa mun san dokarta. Ka ce an sace, ka ce ya faɗi, amma kada ka kuskura ka ce "Ich hab's vergessen", wato na manta da shi.

"Ka manta?" za ta ce, tana harararka ta saman tabarau. "To kan naka fa, yana wuyanka ko shi ma ya wuce da jirgin?"

Mutane su yi dariya, su ce masifar tsufa ce. Ina! Tun tana da shekara ashirin da biyu abin ya same ta.

Ranar wata Asabar ta watan Agusta, 1961, ita da mijinta Lothar suka tsallako daga Gabashin Berlin, ba da niyyar komawa ba. Mai gudu ba ya ɗaukar akwati, don 'yan sanda na sa ido, jakar hannu kawai ta riƙo. Da la'asar suna shan kofi a gidan gwaggonta, sai Lothar ya shafa aljihu.

"Irmi, na manta da agogon Baba."

"Bar shi mana, sarkin shiririta. Agogon da ko lokaci ba ya faɗa daidai?"

"Shi kaɗai ya dawo daga yaƙi, Baba bai dawo ba. Zan koma in ɗauko, gobe da safe ina nan. Kada ki cinye mini kek ɗina."

Da safen rediyo ya ce an raba garin da waya mai ƙaya, ba shiga ba fita. Irmgard ta fizgi jaka za ta ruga bakin iyaka, sai yatsunta suka ji wani abu mai tauri a gindin jakar. Agogon ne. Ita da kanta ta ɗinke agogon a ciki mako guda kafin tafiyar, don kada a ƙwace a hanya, tsoron tsallakowa ya share shi daga kanta.

Lothar ya gwada haurowa, aka kama shi, ya yi shekara biyu a kurkuku. Wasiƙu suka yi ta raguwa, har ya yi wani auren. Sau ɗari ta ɗauki biro za ta gaya masa, sau ɗari ta ajiye. Kunya ce, da tsoron kada ya tsine mata.

Da bangon da ya maye gurbin wayar ya faɗi bayan shekara ashirin da takwas, ta sa agogon a jaka ta je gidansa. Ta rantse yau sai ta faɗa. Ta tarar da dattijo mai sanƙo, rabin haƙoransa sun tafi. Matarsa ta kawo kofi ta ba su wuri.

"Irmi, ina kek ɗina?" in ji shi, yana dariya. Can sai dariyar ta ɗauke. "Kin san har yau ban ga agogon nan ba? Na birkice ɗakin nan kaf. Ki yafe mini, sakarcina ne ya kashe mana rayuwa."

Jakar na kan cinyarta, hannunta na kan abin. Kalma uku ce rak a Jamusanci, wadda mutane ke faɗa mata kullum a kan safar hannu da lema. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ya wuce, Lothar."

Da bazara ya rasu.

Dokar ofis ita ce kayan da suka yi wata shida ba mai nema a yi gwanjonsu. Amma akwai agogon aljihu guda a kan kanta ta sama da ba wanda ya isa ya taɓa. Kullum da safe sai ta murɗa shi don kada ya tsaya, kafin ta buɗe taga. Wata rana na faki idonta na ɗaga 'yar takardar da ke ɗaure da shi. Wajen sunan mai kaya ta rubuta Lothar. Wajen wanda ya manta da shi kuwa, sunanta ne.