Agwagin Baba Ƙararrawa

A unguwar babu wanda ya san shi da wani suna sai Baba Ƙararrawa, saboda 'yar ƙararrawar keke da ya ɗaure a hannun amalankensa. Da ƙuruciyarsa gadi ya yi a wata masaƙa. Da aka rufe ta, ya sayi balan-balan da usur ya fara yawo da su a faranti, har Allah ya yi masa buɗi ya haɗa amalanke mai rumfar tamfol, ya cika shi da ƙwallaye da 'yar tsana da motocin roba. Gashinsa a bakin wannan sana'a ya yi fari.

Shi da matarsa ba su taɓa samun haihuwa ba. In baƙo ya yi suɓul da baka ya tambaye shi 'ya'yansa nawa, sai ya ce, "Jira a tashi daga makaranta, ka ƙirga da kanka." Kuma da gaske ne. Ya san mai kukan banza, ya san mai rowa, ya san wanda ake duka a gida. Da yawa daga iyayen da ke saya wa 'ya'yansu kaya a wurinsa, shi ya sayar musu da usur suna da majina a hanci.

A shekarar da abin ya faru aka kawo wasu agwagi na roba, rawaya, girmansu bai wuce dunƙulen hannun yaro ba. In ka matsa cikin agwagwar sai ta yi kuka, idanunta su kawo haske. Bai taɓa sayar da abin da ya karɓu irinsu ba. Ya sayar a ƙofar makaranta, ya sayar a lungunan unguwa, ya sayar wa matafiya ta tagar mota a tasha. Kafin wata ya zagayo, babban kwalin da ya saro saura kaɗan a gindi.

Wata safiya ya tafi wurin dilan da yake sari a hannunsa don ya ƙaro. Ya tarar an tara kwalayen a bakin ƙofa, an ɗaure da igiya.

Dilan ya ce, "Baba, agwagin nan an hana. Kamfanin da ya yi su ya ce a mayar masa. Kawo ragowar naka in musanya maka da wani kayan."

"Me suka yi?"

Dilan ya ɗauki guda, ya juya cikinta, ya sa farce a wani ɗan murfi. Murfin ya yi tsalle. Wani ɗan batir mai sheƙi, kamar maɓallin riga, ya faɗo ya gangara ƙarƙashin benci.

"Ka gani? Ba su ɗaure murfin da noti ba. In yaro ya haɗiye wannan, maƙalewa yake a maƙogwaro ya riƙa cin naman wurin. An ce har an rasa yara."

Baba ya dafa benci ya zauna. "To, waɗanda na sayar fa?"

"Ai waɗannan sun tafi."

"Sun tafi ina? Hannun yara suka tafi!"

"An faɗa a rediyo, Baba. Mu kuma me za mu yi? Ba mu muka ƙera ba."

Baba ya tura amalankensa ya koma unguwa, yana tafe yana ganin fuskoki. Duk wanda ya tuna, sai ya tuna yana da ƙane ko ƙanwa mai rarrafe, mai kai komai baki.

A bakin layin farko ya kaɗa ƙararrawa, yara suka fito a guje kamar kullum. Ya ce duk mai agwagwa ya kawo. Suka tsaya suna kallonsa. Ɗaya ta ɓoye tata a bayan riga, wani ya juya ya sheƙa gida. Bai taɓa ganin yara sun guje shi ba sai ranar.

Sai ya koma bin gidaje. Ya yi sallama, ya yi bayani, ya sa farce ya nuna yadda murfin ke fita. Wata mata ta yi salati ta kawo biyu. Wata kuwa ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba, ko dai tsada suka yi ne, kake so ka sake sayar mana?" Wani magidanci ya ce in dai ya san guba ce ya sayar wa 'ya'yan mutane, to ya jira 'yan sanda. Baba ya ce, "Ka kira su, ɗana, ko sa taya ni nema. Amma ka fara ba ni agwagwar."

Da ya ga roƙo ba ya fitar da su, sai ya fara musanya: a kawo agwagwa a ɗauki ƙwallo, a ɗauki mota, a ɗauki duk abin da ake so. Nan da nan amalanke ya fara ramewa, buhun da ya rataya a gefe yana cika. In amalanken ya faɗa rami, buhun ya ɗauki kuka gaba ɗaya, mutanen hanya su yi ta dariya. Shi dai bai ji abin dariya ba. Ya je wurin shugaban makaranta, aka sanar a taron safe. Ya je tasha ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon su faɗa wa fasinja. Wani direba ya ce, "Baba, mutumin da ya hau motata jiya ma ban san inda ya kwana ba."

Abinci ya daina shiga. Matarsa ta ajiye masa kwano, ta dawo ta tarar ko murfin bai ɗaga ba. Ta ce, "Malam, kashe kanka za ka yi? Ba kai ka ƙera su ba."

"Ni na miƙa musu. Ni suka sani, ba kamfani ba."

Yana cikin zazzage buhun a tsakar gida, yana ɓalle batiran yana zubawa a gwangwani, sai hannunsa ya tsaya cak. Duk tunaninsa a kan waɗanda ya sayar yake. Akwai guda da bai sayar ba. Telan da ke bayan layin masu walda ya ɗinke masa tamfol ɗin rumfa ya ƙi karɓar komai, shi kuma ya ɗauki agwagwa ya ba autar telan, yarinyar da ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Ko takalmi bai tsaya ya sa daidai ba. Ya tarar da tela a shago, keken ɗinki a rufe, yana zaune ya zuba tagumi.

"Tela, ina Auta?"

"Tana ciki, Baba, ba ta jin daɗi. Tun jiya ta ƙi cin komai, yawu sai dalala yake. Mai kemis ya ce ciwon wuya ne, ya ba mu magani."

"Ina agwagwar da na ba ta?"

Tela ya dube shi kamar mai taɓin hankali. "Ana maganar ciwo kana maganar agwagwa?"

"Don girman Allah a nemo ta!"

Matar tela ce ta jawo ta daga ƙarƙashin gado. Baba ya matsa cikinta. Shiru. Ya juya ta, babu murfi, babu batir. Suka ɗaga tabarma, suka zazzage kwandon ƙyallaye, suka share ɗakin har kusurwa. Murfin suka samu. Yarinyar tana kwance a kan katifa, tana numfashi da wata 'yar ƙara, tana bin su da ido.

Lungun ya yi wa mota ƙunci, kuma har bakin titi da nisa. Baba ya kifar da sauran kayan amalanken a ƙasa, ya ce wa matar tela ta hau da yarinyar. Shi da tela suka kama hannun amalanken suka tura a guje. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, amma masu walda sun ce ba su taɓa ganin gudu irin na ranar ba. A titi ya shiga gaban wata mota ya ɗaga hannuwa, direban ya taka birki yana zagi, da ya ga yarinyar sai ya buɗe ƙofa.

A asibiti Baba ya miƙa wa likita agwagwar. Likitar ta duba ramin batirin ta ce a kai yarinyar hoto yanzu yanzu. Hoton ya fito da wata farar da'ira a ƙasan wuya. Aka shige da ita ɗakin tiyata.

Suka zauna a benci ɗaya a baranda. Tela bai dube shi ba. Can ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Ɗinkin kyauta na yi maka, Baba."

Baba ya sauko daga bencin ya zauna a ƙasa.

An ciro batirin, ya yi baƙi ƙirin. Auta ta rayu, amma wurin ya ƙone sosai. Ta yi watanni ana ba ta abinci ta bututun roba, muryarta kuma ta dishe, har yau a dishe take. Matar tela takan gaishe da Baba in sun haɗu, ta ce ba don shi ba da sun ci gaba da ɗura wa yarinyar maganin ciwon wuya. Tela kuwa in ya hango shi sai ya sunkuyar da kai kan ɗinkinsa. Baba bai ga laifinsa ba.

Bai sake cika amalanken ba. Ya koma kan balan-balan da ƙwallo, abin da babu abin ɓallewa a jikinsa, kuma ya mayar da wurin zamansa tasha. Na unguwa ya tattara kusan duka. Na matafiya ne suka hana shi sakat. Duk motar da ta tsaya, in ya ga mace da goyo ko yaro a cinya, sai ya lallaɓa jikin taga da wata tsohuwar agwagwa marar batir a hannu, ya ce, "'Yata, kin taɓa sayen irin wannan?" Yawanci su girgiza kai. Wasu su miƙo masa sadaka, ya ce ba bara yake ba.

Ranar nan wata mata a kujerar baya ta dubi agwagwar ta yi murmushi. Ta ce, "Lah, Baba, ai a wurinka na saya bara. Yarona ya gaji da ita, na ba wa jaririn maƙwabciyata."

Direba ya riga ya tayar da mota. Baba ya kama bakin tagar. "A wane gari? Wace unguwa? 'Yata, ki karɓe ta! Ki cire batirin!"

Ta ce wani abu, ƙarar injin ta haɗiye shi. Motar ta ja, yana biye da ita yana ɗingishi yana bugun jikinta da tafin hannu, har ta fita ƙofar tasha ta hau titi. Ya tsaya a cikin hayaƙi yana haki. Bai sani ba ko ta ji.