Ƙirjin Gwaggona Bai Daina Motsi Ba

Shekarun baya, lokacin da nake koyon karatu a ajin manya da furfurata, gwaggona ta rasu a ƙauyenmu kusa da garin Wad Haddad. Da hantsi ne, ana tsakiyar tsinkar auduga. Ni aka sa wankanta, don ni ce ba na tsoron gawa. Haka nake cika baki.

Mun kwantar da ita a kan angarib, gadon igiyan nan namu, ni da wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Ina zuba ruwa, hannuna ya kai ƙasan kafaɗarta ta hagu, a ƙirji. Sai naman wurin ya harba. Ya tsaya. Ya sake harbawa, daidai-daidai, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.

Tsohuwar ta saki buta. "Ɗiyata, rufe ta. Ba a faɗin abin da aka gani wurin wanka."

Na ce, "Inna, wannan kam sai na faɗa."

Maza suna waje da likkafani, an gama haƙa kabari, ga zafi. Na leƙa na faɗa musu abin da na gani. Yayana ya ɗaga murya: "Ke, khalas, ya isa haka! Harafi uku kika koya, kin zama daktora?"

Na tsaya a bakin ƙofa, hannuna na ɗigar ruwa. Na ce wallahi ba mai binne ta da rai sai ya bi ta kaina.

Aka ɗauko hakim, ma'aikacin ɗakin shan magani, a raksha, keken nan mai ƙafa uku. Ya taɓa wuyanta, ya haska idonta, ya daɗe yana saurare da abin kunnensa. Sannan ya tambaya ko an taɓa yi mata aiki a asibitin Madani. An yi, bara waccan.

Ya ce zuciya tana da wutarta, 'yar ƙarama, ita ke ba ta umarni ta matse ta tura jini. Ta gwaggo ta yi rauni, shi ya sa aka dasa mata na'ura mai batir a ƙarƙashin fata.

"Hajja ta tafi," in ji shi. "Jini ya tsaya tun ɗazu. Na'urar ce ba ta sani ba, tana ta aika umarni. Naman zai yi shiru nan da ɗan lokaci."

Na ce, "Ita na'urar fa?"

Ya kau da kai. "Za ta yi shekaru tana aiki."

Muka jira har naman ya daina, aka kai ta bayan la'asar, da abin a jikinta. Yayana ya yi wata bai gaishe ni ba. Ban damu ba. Gara a ce na jinkirta jana'iza da in kwana ina tambayar kaina.

Amma har yau, in hanyar gona ta bi da ni gefen maƙabarta, sauri nake. Na san can ƙasa akwai abin da ke ta kiran zuciyar gwaggona, kuma ba mai amsawa.