Neman Rakiya a Bakin Iyakar Jibiya

Mun tashi da asuba ranar Alhamis, amma motar ba ta bar Katsina ba sai da rana ta fito sosai. Abokiyar tafiyata Sista ce ta cocin Katolika, ba ta zuwa ko'ina sai ta gama ibadarta ta safe. Shi kuma direbanmu ya rantse ba zai zama na farko a hanyar Jibiya ba, sai ya ga motoci sun fara dawowa daga can lafiya. Na zauna a bayan mota ina cika ina batsewa, jakar takardu a cinyata.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da ni. Ku da kuke bina kun san ilimin zamantakewa na karanta, da shi nake cin abinci. A kira ni in tsara tambayoyi, in tura matasa su zaga gida-gida, in tattara amsoshi in ce ga halin da mutane ke ciki. Watannin baya wani kwamitin coci ya ba ni irin wannan aikin. So suke su mayar da 'ya'yan matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka makaranta, ba ruwansu da addinin yaro. Na yi aikina, na miƙa sunaye, aka ce ranar Juma'a za a rufe karɓar suna. Sai ranar Talata wani direba ya kawo wa Sista 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta. Rubutun yarinya ne mai kyau. Ta ce sunanta Rakiya, ta gama aji shida kafin su gudo, an rubuta ƙannenta uku ita ba a rubuta ta ba. Ta ce idan babu makaranta, kakarta za ta kai ta aikatau Maraɗi.

Na buɗe fom ɗin uwar. 'Ya'ya uku ta faɗa da bakinta, babu wata Rakiya. Na ce wa Sista wannan tsohon zance ne, duk inda aka ji ana rabon wani abu sai 'ya'ya su ƙaru. Shugaban kwamiti ma ya ce ba a ƙara suna sai an tabbatar. Sista ba ta yi musu da ni ba, cewa kawai ta yi, "To, Malama, mu je mu tabbatar." Ni kuwa na yarda ne don in nuna mata fom ɗina ba ya ƙarya. Ba zan yi wa niyyata kwalliya ba.

Daga Katsina zuwa Jibiya bai kamata a yi awa guda ba, amma shingaye ba sa bari. Sana'a ta motsa na fara ƙirga su, da na ga abin ba na ƙare ba ne na haƙura. A wani shinge mai bindiga ya leƙo ya ga mata biyu a lulluɓe, ni da hijabi ita da farin mayafinsu, ya ce, "Hajiyoyi, sannunku da hanya." Sista ta amsa masa da fara'a, ba ta gyara masa ba. Bahaushiya ce ta wajen Malumfashi, ta ce an daɗe ana kai ta Makka da baki. Damina ta yi kyau bana, gero ya fitar da kai, gonakin bakin titi sun yi kore shar. Amma idan ka miƙa ido can ciki sai ka ga an bar wa ciyawa, ba mai iya zuwa noma can. Babura ɗauke da jarkoki da buhuna suna ta wuce mu kamar mu ne ke tsaye.

A hanya na tsokane ta. Na ce ku da kuke da addu'a, me ya sa kuke ɗaukar irina aiki? Ta ce a koyarwarsu game da zaman jama'a matakai uku ne: a duba, a auna da ma'aunin adalci, sannan a aikata. Ta ce tausayi yana da kyau, amma mai tausayin da bai san halin mutane ba sai ya yi ɓarna yana murna, shi ya sa suke neman masu irin ilimina su zama idonsu. Na gyara zama, kaina ya fara kumbura. Sai ta ƙara da cewa akwai tambaya ɗaya da aka koya musu su yi wa kowane lissafi: wa aka bari a waje? Domin a wurinsu darajar mutum ba ta jiran sai an rubuta shi.

Daga nan ta ciro jadawalina, ta nuna mini wani wuri da yatsa. Ƙananan yara birjik, manyan yara kuwa 'yan kaɗan. Na ce ai na yi bayanin wannan a rahoto, manyan sun tafi ci-rani. Shafi guda na cika da wannan bayani, da manyan kalmomi. Ta ce, "Ba don jadawalinki ba da ban san akwai rami ba. Amma an gaya miki sun tafi, ko ke kika ga ya kamata a ce sun tafi?" Na juya ina kallon gonaki.

Mun shiga Jibiya da hantsi, muka tsaya muka karya da waina da shayi. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, mai tuyar ta ce in tambayi shinkafa da mai. Mai shayin kuma dogon burodin nan na Nijar ya yanka mana, mai ɓawo, wanda sai ka tsoma shi kafin haƙori ya yi galaba. Hausa ma ta sauya a kunnena. A nan ba a cewa "me", sai "mi", kuma kowa "tahiya" yake yi.

Matan suna zaune a wasu kangaye a bayan gari, gidajen da masu su ba su gama ginawa ba. An toshe tagogi da buhu. Yawancinsu daga ƙauyukan wajen Bugaje da Farfaru suke, surfe da wankau suke yi wa mutanen gari. Muka sami uwar da muke nema a bakin turmi, siririyar mace, goyo a bayanta. Bayan gaisuwa na ciro fom da biro, mata suka kewaye mu.

Na ce, "Baiwar Allah, Rakiya 'yarki ce?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja gefen zane ta rufe baki. Can ta ce, "Ɗiyar tsohuwa ce."

Na kalli Sista, kallon na gaya miki. Na cire murfin biro zan soke zancen. Sai na ji mata suna dariya ƙasa-ƙasa. Wata dattijuwa mai tsinin baki ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke Malama, can garinku uwa na hwaɗin sunan ɗan hwari? Kun turo muna samari da waya, gaban mutane, wai mu lissaho ɗiyanmu. Wace marar kunya za ta hwara da na hwari?"

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ni ce 'yar fari a gidanmu. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Na san wannan kamar yadda na san hanyar ɗakina, amma da na zauna tsara tambayoyi sai na kwafo tsarin da na koya a littafi, na bar abin da na sani a gida. Ba Rakiya kaɗai fom ɗina ya tsallake ba. Ramin nan da na cike da ci-rani, 'ya'yan fari ne.

Kunya ta kama ni, amma babu lokacin jin ta. Na tambaya ina yarinyar. Dattijuwar ta ce tsohuwa, wato kakarta ta wajen uba da ta goye ta, ta gaji da jira, tun safe ta ɗauke ta sun nufi bakin iyaka neman motar Maraɗi. Uwar ta koma bakin turmi. Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka, amma rabin hatsin a ƙasa yake zuba.

Na ce wa Sista ta tsaya da matan. Direba ya ce mota ba za ta kutsa cunkoson Magama, garin da ke bakin iyakar, da sauri ba, na tare ɗan acaɓa na haye, hijabi yana tashi, jaka a ƙirji. Na ce masa idan ya kai ni kafin motar ta tashi zan yi masa addu'a har ta shekara. Ya ɗauki zancen da gaske, har yanzu bayana yana tuna mini.

Bakin iyaka duniya ce guda. Manyan motoci a jere, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, 'yan canji suna kaɗa naira da sefa, masu dabino da aya da cuku suna bin mutane. Kalmomi ma sun tsallako da kayansu: wannan ya ce duwan, wato kwastan, sun riƙe masa kamyo, wato babbar mota, wancan ya ce jandarma sun hana wucewa. Na bi motocin Maraɗi ɗaya bayan ɗaya ina kiran sunan da uwarta ba ta iya kira. A ta ƙarshe, wata tsohuwar mota da ke jiran mutum biyu ta cika, wata doguwar yarinya ta ɗago kai. Leda ce a cinyarta, da littattafan aji shida a ciki. Aikatau za a kai ta, amma da su za ta. Ban taɓa gode wa Allah don mota ta ƙi cika ba sai ranar.

Tsohuwar ba ta yi murna da ganina ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ɗiyata, mun ga irinku. Ku zo ku rubuta, ku tahi, mu zauna muna kallon hanya. Shekara biyu yarinyar ga na zaune. Can Maraɗi ko ba lakwal, makarantar nan taku, za ta ci ta ƙoshi."

Na ce, "Iya, ba wanda ya manta da ita. Ni ce na yi kuskure, ni kuma na zo gyarawa."

Ɗan kamasho ya samo fasinja ɗaya, saura ɗaya. Na tsuguna a bakin ƙofar motar, na ɗora fom a gwiwa na rubuta sunan a gabanta, na miƙa wa Rakiya na ce ta karanta wa kakarta. Ta karanta da ƙarfi. Tsohuwa ta kawar da kai. Na ce, "Iya, ba zan tashi daga nan ba. Ni ma 'yar fari ce. Da wannan fom ɗin aka kai wa uwata, da ni ma babu ni."

Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. "To ke da kin san haka, mi ya sa ki aiko samari su tambayi uwa? Ba kakanni a garin?"

Sai da direban motar ya fara danna ham, sannan ta leƙa ta taga ta ce wa ɗan kamasho, "Kai, sabko muna da ƙullinmu."

Da muka koma kangayen na tarar da abin da ban zata ba. Sista tana zaune a kan turmin da aka kife, hannunta babu biro. Matan sun yi da'ira, kowace tana faɗin sunan ɗan farin maƙwabciyarta, ita kuma a faɗi nata, wata matashiya da ta yi makarantar dare tana rubutawa. Ana yi ana shewa, duk wadda aka zo kan nata sai ta rufe fuska. Na miƙa hannu zan karɓi takardar in yi da kaina, Sista ta riƙe mini wuyan hannu. Ta ce wannan ma yana cikin koyarwarsu: abin da na ƙasa za su iya yi wa kansu, na sama ba ya ƙwace musu, taimaka musu kawai yake yi. Ta ce in bari su gama, sannan in bi da ilimina in tantance shekaru da aji. Haka aka yi, kuma takardar ta cika gaba da baya.

Uwar Rakiya ba ta kalli 'yarta ba ko sau ɗaya. Sai ta taɓa maƙwabciyarta, ta ce, "A ba waccan ruwa, ta sha rana." Sannan ta shige bayan buhun taga, muka ji tana jan hanci.

Mun baro Jibiya kafin la'asar, don direba ba ya wasa da yamma a wannan hanyar. A mota na yage shafin ci-rani daga rahotona, Sista ta yi kamar ba ta gani ba. Washegari sunayen suka shiga kafin a rufe, na Rakiya a sama.

Ban dawo ina raina ilimina ba. Shi ya nuna akwai rami, kuma zan ci gaba da ƙirga mutane, don wanda ba a ƙirga ba shi ake mantawa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ƙirgar ba ta cika sai na tambaya wa na bari a waje, na kuma taka na je na gani. Daga yau duk tambayar da zan tsara, sai na fara karanta wa wata tsohuwa ita.

Na iso gida ana kiran magariba. Mama tana kan darduma, ba ta ɗago ba. Sai ta kira ƙanwata ta ce mata, "Ki ce wa mai takardun nan tuwonta yana cikin kula." Da na shiga kicin ƙanwar tawa ta biyo ni, ta raɗa mini cewa tun da Mama ta ji hanyar Jibiya muka bi, ko ruwa ba ta sa a bakinta ba.