Inda Baffa Ɗanjuma Yake Kallo

Ranar wata Juma'a ce bayan la'asar, a ƙarshen damina, shekarar da na cika tara, wato shekara goma ke nan da ƙarewar yaƙin Jamus na farko. Ruwa ya ɗauke tun azahar amma jan taɓon unguwar Sabo ta Ibadan bai tsane ba, na shiga zauren maigidan da mahaifina yake yi wa aikin goro ƙafafuna duk caɓi, da farantin tallan dafaffiyar gyaɗa a kaina. Zauren cike yake maƙil, domin an yi baƙo, wani Alhaji Mamman da ya shekara bakwai a hanyar Makka da ƙafa, kowa yana so ya taɓa hannunsa. Na tarar ya shimfiɗa buzu yana jera goro a kai. Ya ajiye wani fari a tsakiya ya ce wannan ita ce Ka'aba, ya sa ja ta yamma ya ce mu ke nan, shi ya sa muke kallon gabas. Da ya sa wani ta sama ya ce mutanen Madina kudu suke kallo in za su yi salla, sai wani tsohon mahauci ya yi salati da ƙarfi, aka bushe da dariya. Mahaifina yana bakin ƙofa yana tsince goro mai sankara, bai yi dariyar ba. Ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ƙasar Sawahili fa, inda teku take ta gabas?" Alhaji ya ɗauki wani goron ya sa ta ƙasa, ya ce ai su arewa suke kallo, ya zauna da su a Makka, ta kudu jiragensu suke zuwa. Baba ya sake tambaya ko har da mamatansu, aka ce masa har da su. Ya miƙe ya fita bai yi wa kowa sallama ba, ni na kwaso masa takalmansa zuwa gida.

Kofur Idi ake kiran mahaifina a Sabo, ko da yake ya daɗe da ajiye kaki. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kano. Ya yi yaƙin Kamaru, daga nan aka zuba su a jirgin ruwa aka kai su ƙasar Sawahili, can ɗaya gefen Afirka. Da aka sallame su ya koma ƙauye ya kasa zama, sai ya ɗauko mahaifiyarsa da amaryarsa, wato innata, ya gangaro Ibadan. Sabo a lokacin sabuwa ce da gaske, 'yan gidajen ƙasa ne da rufin ganye a gefen gari, ga masallaci, ga turakun shanu, in ka ɗan gota sai daji. Aikinsa ɗaurin huhu. Zai shimfiɗa ɗanyen ganye, ya jera goro, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure tam yadda zai kai Kano a jirgin ƙasa bai yi yaushi ba, kuma masu kaya sukan yi faɗa a kan wanda Kofur zai fara ɗaure wa. Ba shi da yawan magana, ba ya kuma zama inda tsofaffin sojoji suke baje kolin jaruntarsu. In ya tuɓe riga yana aiki, bayansa duk tabon bulala ne, dogaye, sun yi fari-fari. Mu yara mun san asalin tabon nan sarai, domin duk Alhamis muke jin labarinsa.

Kakata ce take sa shi ya ba da labarin. Ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, idonta ya fara hazo, kunnenta kuwa ko allura ta faɗi sai ta ji. 'Ya'ya biyu Allah ya bar mata, Baba da ƙanensa Ɗanjuma. Baffa Ɗanjuma ya ga wansa ya zo ganin gida da jar dara da ɗamara, shi ma ya ce sai ya bi shi, aka yi aka yi ya ƙi. Tare suka tafi, Baba ya dawo shi kaɗai. Duk Alhamis tun da safe nake jiƙa gero, in daka shi da innata, Kaka ta cuɗa gumba ta mulmula da hannunta, in ɗauka in raba wa yaran unguwa sadakar Baffa Ɗanjuma. Har 'ya'yan wata Bayerabiya mai sayar mana da itace sun san ranar, sukan biyo ta su miƙo hannu. Ina gama rabo nakan so in ruga wajen ƙawayena da ke carafke a gindin mangwaro, amma ina, sai Kaka ta ce, "Ƙawata, zauna, labarin ɗan'uwan ubanki ya fi tsakuwa." Sai Baba ya durƙusa a bakin tabarmarta ya fara, kullum daga wuri ɗaya, kullum da kalmomi iri ɗaya.

Ba harsashi ne ya kashe Baffa ba. Yunwa ce da atuni, a cikin wani daji da ruwa ya yanke musu hanya, abinci ya daina isowa, mutane suna tonon saiwa suna ci. Ya cika gab da asuba, kansa a kan cinyar Baba. Aka busa ƙaho aka ce a tashi, a bar matattu ga masu binne su a rami ɗaya. Baba ya ƙi. Ya ja gawar ƙanensa cikin ciyawa, ya yi masa wanka da ɗan ruwan da ya rage a gorarsa, ya naɗe shi da bargo, ya haƙa kabari da wuƙar bindiga da hannu. Da ya gama bai sa shi ba, sai ya zauna yana jiran rana ta ɓullo, don kada ya yi kuskuren alƙibla. Da ta fito sai ya yi masa salla shi kaɗai, ya kwantar da shi a kan damansa, kai kudu, fuska gabas, yadda ake yi a gida. Sai wajen azahar ya cim ma rundunar, aka ɗaure shi aka zane shi saboda ya yi baya ba izini. A nan Kaka takan miƙa hannu ta shafa kansa ta sa masa albarka, sannan ta faɗi maganarta da kowa a gidan ya haddace: "In na kalli gabas, ni da Ɗanjuma abu ɗaya muke kallo." Da wannan maganar take rayuwa. Ba ta da kabarin da za a nuna mata, ba ta da ko tsumman rigarsa, wannan kaɗai ta riƙe, kuma bayan kowace salla takan daɗe a zaune ba ta juya ba.

To, ran Juma'ar nan da na kawo takalman, na tarar da Baba a bayan ɗaki zaune a kan turmi, ya zuba wa ƙasa ido. Ya karɓa ya ce, "Hajo, abin da kika ji a zaure ki bar shi a zaure." Washegari ya tafi wurin malamin da ke karantar da mu allo, dattijo mai sanyin hali. Daga baya innata ta gaya mini yadda suka yi. Malam ya ce masa wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure ba shi da laifi, sallolinsa na can sun yi, mamacin ma ba abin da ya same shi, ƙasar duk ta Allah ce. Baba ya ce ya yarda, bai taɓa shakkar rahamar Ubangiji ba. Abin da yake cin ransa shi ne ya tuna 'yan dakon ƙasar da suke ɗaukar musu kaya, yadda suke salla suna kallon arewa, su kuma sojojinmu suna yi musu dariya suna cewa ba su iya addini ba. Har wani tsoho a cikinsu ya taɓa kama kafaɗarsa yana so ya juya shi, ya ture masa hannu. Da ya saurara, da ba haka ba. Sannan ga shekara goma yana durƙusawa gaban mahaifiyarsa yana karɓar albarka a kan abin da bai yi daidai ba. Kwana shida bai ci abin kirki ba, har ya ɗaure wani huhu da sako-sako aka dawo masa da shi, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, tun ina ƙarama magana ba ta kwana a cikina. A makarantar allo ni ce mai fara ɗaga murya ko ban iya ba. Kwana shidan nan ji nake kamar na haɗiyi garwashi, kuma gaskiya ba tausayin Baba ne yake damuna ba, ban kai wannan hankalin ba. Ni dai na san wani abu da Kaka ba ta sani ba, ita da kullum take ce mini ƙwaƙwalwata ba ta wuce ta kaza ba. Ran Alhamis muka yi gumba, na raba, aka shimfiɗa tabarma. Baba ya aiko cewa jirgin ƙasa zai tashi, kaya sun yi yawa, ba zai samu zuwa ba. Kaka ta yi tsaki ta ce in bai zo ba ita ta iya labarin, ta ba da shi da kanta tana ɓare mini gyaɗar talla. Da ta kawo kan maganarta ta kullum, sai na ji bakina ya ce, "Kaka, ai ba abu ɗaya kuke kallo ba." Na kwashi gyaɗa huɗu na jera mata a tabarma yadda na ga Alhaji ya yi, ina bayani ina jin daɗin kaina. Innata ta saki muciya ta taho da gudu, amma kafin ta iso na riga na gama.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta ce a kira mata Idi ko jirgi goma ne za su tashi. Ya shigo ganye manne a gwiwarsa, ya ga gyaɗar a jere, ya dube ni sau ɗaya, ya durƙusa. Ta tambaye shi ko gaskiya yarinyar nan ta faɗa, ya ce gaskiya ne, Inna, ya sunkuyar da kai. Ta lalubi gyaɗar da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, wannan ce Makka, wannan mu ne, wannan shi ne. Sannan ta ce, "To me yake kallo?" Baba ya ce teku ce a gabansa. Ta mayar da yatsanta kan tamu gyaɗar, ta ja shi a hankali zuwa ta Baffa, ta tsaya. Sai ta ce, "Ashe ni a bayansa nake. Ranar da ya tafi ma haka ne, na tsaya a bakin gona ina kallon ƙeyarsa har dawa ta rufe shi, bai waiwayo ba." Baba ya kifa goshinsa a tabarma, wannan ne karo na farko da na ji kukan babban mutum. Ta ɗora hannu a bayansa, daidai kan tabon nan, ta ce Allah ya san inda ya nufa, ita ma ta sani, ya tashi ya koma aikinsa.

Ba a sake ba da labarin ba. Gumba dai ba ta fasa ba, duk Alhamis muna yi, amma in na gama rabo ba mai ce mini in zauna, kuma carafken ya fita daga raina. Kaka ta daina tsokanata, abin da ya fi duka yi mini ciwo. Maganarta ta kullum ba wanda ya ƙara jin ta. Tana nan tana daɗewa a zaune bayan salla, sai dai wata safiya ina shara kusa da ƙofarta na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, kamar mai kiran wanda ya yi mata nisa a hanya, "Ɗanjuma, waiwayo mana." Kafin wata daminar ta rasu. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, amma an gaya mana Baba ne ya shiga kabarin ya karɓe ta, kuma sau uku yana tambayar liman ko fuskar ta daidaita. Bai taɓa dukana a kan abin da na yi ba, bai taɓa ko ambatarsa ba har shi ma ya bar duniya. Na so a ce ya dake ni.

Yau Sabo ta cika ta batse, inda muke carafke shaguna ne, dajin da muke tsoro ya zama tsakiyar gari. Tsofaffin sojojin yaƙin Jamus duk sun ƙare, ban san wani da ya rage da zai tuna sunan Baffa Ɗanjuma ba in ba ni ba, ni da ban taɓa ganinsa ba. Jikana ya kawo mini darduma mai ɗan agogo a goshi, allurarsa tana nuna alƙibla ko ina ka je, abin da yara suke wasa da shi. Da Allah ya kai ni Makka a jirgin sama, tafiyar da Alhaji Mamman ya shekara bakwai yana yi, na zagaya ta kudun Ɗakin Allah na tsaya ina kallon arewa, na yi wa Baffa addu'a daga nan, na roƙa wa Baba, na nemi gafarar Kaka. Har yanzu duk Alhamis nakan sa a yi gumba, ko da yake yaran yanzu sun fi son alewa. In na idar da salla nakan daɗe ban juya ba. Na girmi Kaka yanzu, kuma duk waɗanda nake so in yi wa magana sun yi gaba, bayansu kawai nake gani.