Kakana Bai Ga Jirginmu Ba

Duk lokacin da tankar ruwa ta hau tudun unguwarmu, na ji ruwan yana dukan cikinta, sai in ɗan tsaya. Haka ruwa yake dukan gindin kwale-kwale.

Za ka yi mamakin yaron Makka da zancen kwale-kwale, garin da ko rafi babu. Kawuna ne sila. Yana tuƙa bas tsakanin Makka da Jidda, a Jidda ya ji wata ƙungiyar tseren jiragen ruwa tana neman yaro marar nauyi mai babbar murya, wanda zai zauna a ƙarshen jirgi riƙe da igiyar juya akalar jirgin, yana ba matuƙa huɗu umarni. Shekarata goma sha uku. Ni ne mafi ƙanƙanta a ajinmu, amma in na kira ƙanwata daga saman bene, har bakin titi ake ji.

Asabar ta farko ban yi abin kirki ba. Na fizgi igiya, jirgin ya karkace, filafilai suka harɗe. Kocinmu, mai horar da mu, ya ce in aka sake haka zai nemi wani.

Da la'asar ina zaune a saman gidanmu na Tandabawi, kakana, mahaifin Umma, ya hauro da ƙyar yana dafa bango. Ni dai na san shi da sayar da tasbaha. Ranar na ji cewa a Yawuri aka haife shi, a bakin kogi, kuma da jirgi ya girma kafin ya zo aikin hajji yana saurayi, ya zauna.

Ya jera ƙannena huɗu a kan tabarma, kowa da tsintsiya a hannu, ya zaunar da ni ina fuskantarsu.

"Kada ka kalli filafili, abokina," in ji shi. "Kalli fuskar mutanenka. Wanda ya gaji, za ka gani kafin hannunsa ya saki. Igiyar kuma a hankali, tun kwana ba ta zo ba."

Haka muka yi duk lokacin sanyin nan, iska tana kaɗa shanyar Umma, ƙamshin shayin na'ana'a yana tasowa daga ƙasa. Idan na dawo daga Jidda yakan shinshina rigata, ya tambayi launin ruwan. Kocin ya daina zancen neman wani.

Da gasarmu ta farko ta matso, Kaka ya kira ni ɗakinsa.

"Ka ce wa kawunka ya tafi da ni. Rabona da ganin jirgi a ruwa tun ba a haifi uwarka ba."

Sai na tuna abokan jirgina da iyayensu masu manyan motoci. Na dubi takalmin robarsa, na tuna yadda Larabcinsa yake karyewa, yara suna dariya.

"Ba a barin baƙi, Kaka. Sai dai gasa ta gaba."

Sai ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Mu ne muka zo na biyu. Da muka fito, na ga bakin ruwa cike da tsofaffi a kan kujeru, wani ma a keken guragu. Kawu ya gan su shi ma. 

Kaka ya rasu da zafi ya shigo, kafin aikin hajji. Daga baya Umma ta faɗa mini cewa tun ana saura kwana uku gasar ya sa ta goge masa farar rigarsa.

An rushe gidan nan yanzu, mun koma Rusaifa, bene mai lif, na'urar hawa da sauka, saman ma a kulle yake. Ni kuma nauyi ya fitar da ni daga jirgi, sai koya wa ƙanana nake yi. Suna da na'urar magana a baki, ba sai sun ɗaga murya ba. Wani lokaci yaro yakan tambaye ni wanda ya koya mini, in ce kakana. Kwanan baya wani ya ce, "Ashe ya sha kallonka a ruwa."

Na ce masa ya gyara riƙon igiyarsa.